Ajiyar Kalmomi Dubu Biyar

In dai cika baki ne, duk faɗin kamfanin robobin nan babu na biyun Mai Sito. Shekara goma sha bakwai yana riƙe da makullan ɗakin ajiya, kuma a faɗarsa ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, duk da cewa bokiti da baho kamfanin yake yi, ba wanda ya taɓa ba shi ajiyar allura. Kullum cikin farar riga yake, biro uku a aljihu, makullai na ƙara a ƙugunsa tun kafin a hango shi.

Ranar da aka koma aiki a farkon shekara, Manaja ya tara ma'aikata a tsakar fili. Ya ce an sayi sabon inji daga Japan, zai iso a ƙarshen shekara, injiniyan da zai gwada shi ya biyo bayansa. Injiniyan nan kuma shi zai zaɓi mutum ɗaya tak, a tafi da shi ƙasarsu horon wata uku, in ya dawo ya zama shugaban sashen.

"Wanda ya ɗan iya yarensu kuwa," in ji Manaja, "kun san ya riga kowa."

Mai Sito tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa jirgin sama ba. Nan take ya ga kansa a kujerar jikin taga yana leƙen gajimare, ya kuma ga kansa ya dawo ana ce masa Shugaba. Abin ya shiga ransa ba da wasa ba.

"Yallaɓai, a rufe maganar nan, kujera ta yi mai ita," ya ce. "Kalma goma zan riƙa haddacewa kullum. Goma sau kwanakin shekara, dubu uku da ɗari shida da hamsin ke nan. Lissafi ne, ba tatsuniya ba."

Makanike, wani shiru-shiru da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ce, "Kai Malam, da yawa fa. Ni ko ɗaya a rana na samu ai na gode Allah."

"Ɗaya? Ai ko jinjiri ya fi haka. Don ma ka ji haushi, na mai da ita dubu biyar cif."

Kafin a tashi aiki ya rataya allo a ƙofar sito. Ya rubuta dubu biyar a sama da jan fenti, ya bar ƙasa fili inda zai riƙa rubuta inda ya kai da alli. Ya sayi littafin kalmomi, ya sa manhajar da ke furta su a wayarsa, ya yayyanka tsofaffin kwalaye ya yi katuna, gaba Japananci da haruffanmu, baya fassara.

Ranar farko goma suka shiga. Rana ta biyu wasu goma suka shiga, na jiya suka fice ba ko sallama. Haka aka yi ta yi, kan Mai Sito ya koma kamar ƙaramar motar haya, sai wani ya sauka wani ke samun wuri. Bayan mako uku allo na cewa ɗari biyu da goma, kai kuwa biyu yake riƙe da su, mizu wato ruwa, da neko wato kyanwa. Su ma don yana shan ɗaya ne, ɗayar kuma tana kwana a kan buhunan sito.

Matarsa ce ta fara gano shi. Ta ɗauki katunan da yake barbazawa a kan tabarma ta ce, "Baban yara, me ake ce wa gishiri?"

"Wannan ai na makon jiya ne."

"To albasa fa?"

"Ke wai jarrabawa aka aiko ki ki yi min? Mutum ya dawo aiki a gajiye."

"Allah ya ba ka haƙuri. Na ga dai allon naka na gudu, kai kana tsaye."

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari yana zaune a sito ya zabga tagumi, sai wani lebura ya leƙo yana neman ƙusa mai inci huɗu. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Kanta ta uku, akwati na biyu daga hagu." Leburan ya ɗauka ya fita. Mai Sito ya bi shi da kallo, can sai ya buga tebur ya miƙe har makullansa suka zube.

Ashe shi ne ya yi ta wahalar da kansa a banza! Yaushe aka taɓa ganin mai sito ya ɗora kayan sito a ka yana yawo da su? Aikinsa ya san inda kowane kaya yake, shi ke nan. Ƙusa dubu tamanin ke ɗakin nan, ko ɗaya babu a aljihunsa, amma wa ya isa ya ce ba a hannunsa suke ba? To kalma ma kaya ce. Kanta kawai take buƙata.

Matarsa ce kanta ta ɗaya. Ya zube mata katuna ɗari uku na kayan girki da na ɗaki.

"Ki haddace, ajiya na ba ki."

"In na haddace, ni na iya ko kai?"

"Ke a gidan wa kike? Abin da ke gidana ai nawa ne."

Kanta ta biyu Goggo ce, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a ɗakin baya. Ita ya ba gaishe-gaishe da sassan jiki da sunayen cututtuka, tunda dama ba ta da hirar da ta wuce su. Mai aski na bakin layi, abokinsa tun na ƙuruciya, ya samu dabbobi da tsuntsaye da kifaye. Tela maƙwabcinsa ya karɓi launuka da tufafi. Kalmomin ƙarfe kuwa, su noti da ƙusa da mai da bututu, Mai Sito ya riƙe su da yatsa biyu kamar zai ɓata riga, ya kai wa Makanike.

"Ungo, waɗannan irin naka ne. Guda ɗari huɗu, na ƙirga. Kada in zo in tarar da gibi."

Makanike ya karɓa. Ya samo gam ya liƙa kowane kati a jikin abin da yake nufi, in ya ɗauki sifana sai ya karanta, in ya ajiye ya sake karantawa.

Kowace Asabar Mai Sito ya ɗauki takardarsa ya fita ƙidayar kaya. Ya karanta Hausar, mai ajiya ya faɗi Japanancin, shi kuma ya duba kati ya yi maki. Ko sau ɗaya bai taɓa maimaita kalmar da bakinsa ba, don me, alhali tana nan a kanta lafiya lau? Allo kuwa ya kama tsalle. Kafin tsakiyar shekara ya haura dubu biyu, Manaja in ya zo wucewa sai ya tsaya ya jinjina kai.

Unguwa ce ta ji a jikinta. Goggo, wadda a da da yare ɗaya take ƙorafi, yanzu ta samu na biyu, tun da asuba ake jin ta tana "Atama! Ashi! Itai, itai!" wato kai da ƙafa duk ciwo suke. Mai aski ya riƙa yi wa mutane aski yana jero musu kifayen teku, har wani dattijo ya tashi da rabin gemu ya ce shi aski ya zo, ba su ba. A gida kuwa, ana cin abinci matarsa ta miƙa hannu ta ce, "Shio." Mai Sito ya duba hagu ya duba dama, ya miƙo mata mafici.

"Gishiri na ce, Baban yara."

"Na sani. Gwada ki nake yi."

Da kantocin farko suka cika sai ya shiga neman sababbi. Mai shayi ya karɓi lambobi, mai wanki da guga ya karɓi yanayi da kwanakin mako, mai gyaran takalmi da ya yi gardama aka lallaɓa shi da furanni. Har ta kai in an hango farar rigarsa da damin katuna a kan kwana, sai ka ga manyan mutane suna tsallaka titi, wasu na yin kamar ana kiransu a waya.

A wata na tara aka yi masa babbar asara. Ya dawo aiki ya tarar da babbar mota a ƙofar gidan Tela, an ɗaure keken ɗinki a sama, direba har ya ta da inji. Tela zai koma wani gari.

"Kai! Tsaya! Ina za ka da kayana?"

Tela ya leƙo ta taga. "Wane kaya? Katunanka ai na bai wa Maman yara."

"Katunan banza! Na cikin kanka fa? Launi sittin, tufafi ɗari da arba'in!"

"To in fasa kan ne in zube maka?"

Motar ta ja. Mai Sito ya bi ta da gudu har gidan mai yana ihun a sauke masa kayansa, jama'a suka ɗauka ɓarawo ne, wasu har suka taya shi gudu. Da suka ji abin da aka sace, suka juya suna tsaki. Shi kuwa bai rage ko ɗaya a allo ba, ya ce kayan suna reshenmu na waje.

Saura kwana uku shekara ta ƙare ya rubuta dubu biyar a ƙasan allo, daidai da na sama, ya ja layi biyu. A makon nan inji ya iso aka kafa shi. Kamfanin da ya sayar da shi ya tambaya ko a haɗo injiniya da tafinta, Manaja ya ce ba buƙata, muna da namu a gida.

Ranar gwaji da safe wata motar haya ta tsaya a ƙofar kamfani, mutum goma sha ɗaya suka fito. Mai Sito ya jera su a jikin bango kusa da sabon inji, kowa da lamba a rataye a wuya. Goggo ta zo da kujerarta, Mai aski ya zo da tawul a kafaɗa yana ta duba agogo.

Manaja ya fito ofis ya yi turus. "Su wane ne waɗannan?"

"Sitona ne, ranka ya daɗe."

"Sitonka?"

"Dubu biyar ɗin ke nan a tsaye. Duk wadda ake so, minti ɗaya na fito da ita."

Manaja ya buɗe baki zai yi magana, sai ga motar baƙo ta shigo. Wani ɗan dattijo ne siriri mai tabarau, da 'yar jaka a hannu. Ya zo gabansu ya rusuna ya faɗi wani abu a hankali.

Mai Sito ya zaro takarda ya bi ta da yatsa. "Gaisuwa, gaisuwa. Kanta ta biyu! Goggo, fito!"

Goggo ta taso tana ɗingishi, ta rusuna, ta gaishe shi tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe. Fuskar baƙo ta washe. Mai Sito ya dubi Manaja ya ɗaga gira. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya, amma Goggo shekara guda tana jiran wanda zai ji ƙorafinta a yaren da ta sha wahalar koya. Ta cafke hannun baƙon ta ɗora a gwiwarta.

"Ashi! Itai! Atama, itai, itai!"

Ta nuna baya, ta nuna wuya, ta buɗe baki ta nuna masa haƙorin da ke kaɗawa. Baƙo ya ruɗe, ya ajiye jaka, ya kama ta ya zaunar da ita yana ta rusunawa.

"Goggo, injiniya ne fa, ba likita ba!"

"Rufe min baki, ɗan nan. Shi dai ya saurare ni, kai ka taɓa?"

Da ƙyar aka ɓamɓare ta. Baƙo ya zagaya inji ya dudduba, ya leƙa bayansa, sannan ya dawo ya yi wa Mai Sito wata doguwar magana yana ɗaga yatsa.

"Me ya ce?" in ji Manaja.

"Yana zuwa, yallaɓai."

Ya nufi bango da niyyar kai maganar kantoci a tantance, amma kafin ya yi taku biyar ta zube, ko ɓurɓushi bai rage ba. Ya dawo ya yi wa baƙon alama ya maimaita. Ya sake ɗauka, ta sake zubewa. A karo na uku ya jawo baƙon da kansa ya tsayar da shi gaban layi.

"Kowa ya kasa kunne! Wanda ya ji kayansa ya ɗaga hannu!"

Baƙo ya maimaita, yanzu da ɗan ƙarfi. Matar Mai Sito ta ɗaga hannu. "Na ji zafi."

Mai shayi ya ce, "Ni na ji biyu."

"Ni ma na ji!" Mai Sito ya daka tsalle, don a karon farko a shekarar wata kalma ta faɗo a kan abin da ke kansa. "Mizu! Ruwa! Da kunnena na ji!"

"Ni ban ji kifi ko ɗaya ba," in ji Mai aski. "In ba a buƙatata in tafi, na bar mutane a layi."

Makanike daga can bayan inji ya ɗaga hannu. "Malam, kamar na ji ya ce bututu."

"Kai kuma wa ya kira lambarka? Sai an zo kan ƙarafa."

Mai Sito ya gyara wuyan riga ya juyo. "Yallaɓai, magana ta fito fili. Ruwa, zafi, biyu. Shayi yake so, kofi biyu, ɗaya nasa ɗaya naka. Ya ce kafin ya sha a ta da inji ya ɗan yi ɗumi."

"Ka tabbata?"

"Mutum mai kalma dubu biyar ake tambaya ko ya tabbata?"

Aka aika a kawo shayi. Mai Sito da kansa ya taka ya danna koren maɓalli, don kada wani ya riga shi shiga hoton da ake ɗauka.

Inji ya yi gurnani ya kama aiki. Bokitin farko ya faɗo sumul, aka yi tafi. Na biyu ya fito da baki a karkace. Na uku ya fito a lotse kamar an zauna a kansa, na huɗu kuwa ko uwar bokiti ba za ta gane shi ba, wani narkakken abu ne ya zubo yana hayaƙi. Wari ya cika wurin. Baƙo, da aka tare shi da faranti da kofuna, ya ture su ya ruga yana ɗaga hannuwa.

"Abunai! Tomete! Tomete!"

Mai Sito ya duƙufa kan takarda, gumi na ɗiga a kanta. "Tomete, tomete. Wa ke riƙe da tomete? Kanta ta nawa ce? Maman yara, taki ce?"

"Ba tawa ba ce!"

"Ko cikin na Tela take?"

Mai aski da ya ga ana ta ihu da Japananci an bar shi a baya, sai ya buɗe murya ya kama jero kifayensa. Goggo ta toshe hanci tana kiran kanta da ƙirjinta. Leburori suka yi waje. Makanike ne ya tsallake tarin narkakkun bokitai ya kashe injin daga babban makunni, sannan ya zagaya baya ya murɗe famfuna biyu. Ruwa ya shiga bututu yana shuuu, hayaƙi ya fara lafawa.

Sai yanzu aka gane. Abin da baƙon nan ya yi ta faɗa har sau uku ke nan, a buɗe bututun ruwa guda biyu kafin a ta da inji, in ba haka ba zai yi zafi.

Baƙo ya share tabarau ya tsuguna kusa da Makanike. Ya nuna wani noti ya faɗi sunansa, Makanike ya gyaɗa kai ya miƙo sifanar da ta dace. Ya faɗi wata kalma, Makanike ya miƙo gwangwanin mai. Rabin awa suna tsugune, kalma ɗaya ɗaya da nuni da hannu, har suna dariya. Da aka sake tayarwa, bokitai suka riƙa faɗowa sumul, ɗaya bayan ɗaya. Baƙo ya zaro takardar zaɓe daga jakarsa, ya miƙa wa Makanike biro ya nuna masa inda zai rubuta sunansa.

Mai Sito ya bi biron da kallo. Amma bakin bai mutu ba tukuna.

"Yallaɓai, a duba lamarin nan. Duk abin da ya faɗa kayana ne, ajiya na ba shi. Ga takarda."

Manaja ya dube shi daga sama har ƙasa. "A cikin dubu biyar ɗin, nawa ne a kanka? Kai, kai ɗin nan."

Ma'aikata sun dawo sun yi da'ira. Mai Sito ya nemi fuskar matarsa, ta sunkuyar da kai tana gyaran lambar wuyanta.

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Biyu."

"Amma masu ƙwari ne."

Dariyar da aka kwashe da ita har masu gadi sai da suka leƙo. Manaja bai yi ba. Ya ce a kwashe narkakkun robobin nan, a sallami mutanen bango, sannan Mai Sito ya buɗe sito ya fitar wa Makanike da sabbin kayan aiki da takalma na tafiya.

Ya fitar. Ya ɗora su a kan kanta ba tare da ya ɗaga ido ba, kuma wannan karon ba abin dariya a fuskarsa, don da gaske ya so tafiyar nan. Ta taga ya hango baƙo yana sallama da Manaja a jikin mota. Ya ga in mutumin nan ya tafi, zai tafi ne bai taɓa jin kalma ɗaya ta arziki daga bakinsa ba.

"Makanike," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ara min ɗaya."

"Ɗaya me, Malam?"

"Kalma. Ta ban kwana. Ka san ta?"

"Na tsince ta a bakin Goggo ɗazu." Ya matso ya raɗa masa a kunne, sau biyu, a hankali.

Mai Sito ya fito da sauri yana maimaita ta a baki, hannu ɗaya dafe da kai kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya wuce injin tana nan. Ya wuce ofis tana nan. A tsakar fili wani lebura ya tare shi ya ce, "Malam, ina tsintsiya?" Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi, "Kanta ta shida, ƙasa."

Ya iso jikin mota. Baƙo ya juyo ya rusuna yana jira, Manaja na jira, ma'aikata na jira. Mai Sito ya buɗe baki, ya laluba ko'ina a cikin kansa, ya tarar da ruwa da kyanwa zaune su kaɗai.

Ya rusuna har makullansa suka taɓa ƙasa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."